Tudu da Kwari a Cikin Kwamfuta: Yadda Ake Gina Ƙasa Daga Hoto, da Misalai Daga Garwa da Arewacin Kamaru

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda ta shafi wani fanni ne da ba a saba tattauna shi da Hausa ba, wato yadda masu haɗa fina-finai da wasannin kwamfuta suke gina duwatsu da kwaruruka da koguna a cikin na'ura, har mai kallo ya rantse cewa da kyamara aka ɗauko su. Abu biyu ake son ɗalibi ya fita da su. Na farko, ya fahimci yadda aikin yake gudana tun daga tushe. Na biyu kuwa, wanda ya fi shafar wannan sashe namu, ya ga yadda Hausa take ɗaukar bayanin da ba a saba ɗora mata ba, da inda take da kalma a shirye, da kuma inda sai an ƙirƙira.

An ɗauki Garwa da kewayenta a matsayin misali ne saboda yankin ya tara kusan kowane irin yanayin ƙasa da ake buƙata. Garin yana bakin kogin Binuwai, a wuri mai bisan kimanin mita 200 daga doron teku. A arewacinsa akwai duwatsun Tingelin masu shimfiɗaɗɗen kai kamar tebur. Daga kudu maso gabas, kimanin kilomita 50, akwai madatsar ruwa ta Lagdo da tafkinta. Idan aka nausa arewa za a tarar da tsaunukan Mandara da tsinin duwatsun Rumsiki, idan kuma aka yi kudu za a iske duwatsun Poli, sannan a hau tudun Adamawa har Ngaundare, wadda take kan bisan kimanin mita 1,100. Duk matsalar da mai wannan sana'a zai ci karo da ita, akwai wurin da za a nuna ta da yatsa a wannan yanki.

2.0 Ma'anar Taswirar Bisa

A ɗauka cewa mutum ya sami wani fili, ya ja layuka a tsaye da a kwance kamar gidan dara, sannan a kowane gurbi ya auna bisan ƙasa daga doron teku ya rubuta lambar a takarda. Abin da zai samu a ƙarshe jadawali ne na lambobi: nan 180, kusa da shi 182, can gaba 240. To idan aka mayar da kowace lamba ta zama launi, aka ce mafi ƙanƙantar lamba ita ce baƙi ƙirin, mafi girma ita ce fari fat, sauran kuma su zama toka-toka gwargwadon matsayinsu, sai jadawalin ya koma hoto. Wannan hoto shi ne muke kira taswirar bisa. A cikinsa Binuwai za ta fito kamar baƙin zare mai lanƙwasa, Tingelin kuwa ta fito kamar fararen tabo.

Abin lura a nan shi ne, farin da ke cikin wannan hoto ba shi da alaƙa da hasken rana, baƙin kuma ba inuwa ba ce. Launin yana ɗauke da lamba ne kawai. Manhaja takan karanta kowane ɗigo na hoton, ta ɗaga daidai wurinsa a kan wani shimfiɗaɗɗen fili gwargwadon farinsa, kamar yadda za a shimfiɗa zane a kan turaku masu bambancin tsawo, sai zanen ya ɗauki siffar tudu da kwari.

Me ya sa aka zaɓi kalmar bisa? Hausa tana da tsawo da tsayi da bisa. Tsawo da tsayi suna aiki ga abin da yake tsaye da abin da yake kwance, domin ana cewa igiya tana da tsawo, mutum ma yana da tsawo. Da a ce an kira abin taswirar tsawo, da mai sauraro ya iya ɗauka cewa nisan hanya ake nufi. Bisa kuwa ba ta da wannan harshen damo, sama kawai take nunawa, kamar yadda ake cewa gini ya yi bisa. Wani zai iya cewa taswirar tudu da kwari ta fi daɗin ji, kuma da gaskiyarsa, sai dai ta yi tsawo ga kalmar da za a riƙa maimaitawa a kowane sakin layi.

Wannan tsari yana da iyaka guda wadda ya kamata a sani tun da wuri. Kowane gurbi lamba ɗaya tak yake ɗauka. Ke nan duk wurin da yake da sama da ƙasa a lokaci guda ba zai shiga ba. Kogo ba zai shiga ba, haka dutsen da ya yi rumfa, haka gadar Binuwai ta Garwa, domin a wurin gadar akwai bisan ruwa, akwai kuma bisan titin da ke kansa, taswirar kuwa dole ta zaɓi ɗaya. Irin waɗannan abubuwa daban ake ƙera su, daga baya a ɗora.

3.0 Inda Ake Samun Lambobin

Babu wanda ya bi arewacin Kamaru da ma'auni gurbi-gurbi. Daga sama aka auna. A watan Fabrairu na shekarar 2000, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba kumbon Endeavour, ya yi kwana 11 yana kewaya duniya ɗauke da na'urar rada. Eriya biyu aka yi amfani da su, ɗaya a jikin kumbon, ɗaya kuma a ƙarshen wata sanda mai tsawon mita 60 da aka miƙa daga jikinsa. Ana aika sigina zuwa ƙasa ta dawo, kowace eriya ta karɓa, daga ɗan bambancin da ke tsakanin abin da suka karɓa sai a lissafa bisan wurin, kamar dai yadda idanu biyu suke ba mutum damar gane nisan abu. Wannan aiki, wanda aka fi sani da SRTM, ya auna kimanin kashi 80 cikin ɗari na busasshiyar ƙasar duniya.

Da farko ƙasar Amurka ce kaɗai aka fitar wa bayanai masu tazarar mita 30 tsakanin ɗigo da ɗigo. Sauran duniya, har da Afirka, mai tazarar mita 90 aka ba su. Sai a shekarar 2014 aka fara sakin mai mita 30 ga kowa, kuma da Afirka aka fara. Bayan SRTM an sami wasu, kamar na shirin Copernicus na Tarayyar Turai, wanda shi ma mita 30 ne, aka kuma samo shi daga awon da wasu tagwayen taurarin ɗan'adam na Jamus suka yi tsakanin 2011 da 2015. Dukansu kyauta ake sauke su daga intanet.

An yanka bayanan SRTM gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa digiri ɗaya a tsaye, digiri ɗaya a kwance, wato kimanin kilomita 111 ta kowace fuska a yankinmu. Sunan gunduwa daga kusurwarta ta kudu maso yamma ake ɗauko shi. Da yake Garwa tana ɗan sama da digiri 9 arewa da ikwaita, kuma ɗan gaba da digiri 13 a gabas, fayil ɗinta shi ne N09E013. A cikinsa akwai layi 3,601, kowane layi da lamba 3,601, jimla kusan lamba miliyan 13. Poli kuwa tana cikin gunduwar da ke ƙasa da wannan, wato N08E013.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a riƙe game da wannan awo. An yi shi ne a watan Fabrairu, tsakiyar rani, lokacin da Binuwai ta janye, yashi ya bayyana a tsakiyarta. Hoton rani ne ke nan, kuma na shekarar 2000. Sannan rada ba ta ratsa ruwa, don haka tafkin Lagdo yakan fito a shafe kamar faranti, kwarin da ruwa ya cinye bayan an kammala madatsar a 1982 ba ya ciki. Haka kuma siginar takan dawo daga kan rufin gidaje da kan itatuwa, ta yadda unguwa mai yawan dogon yaro za ta fito kamar ta fi maƙwabciyarta tudu alhali ƙasarsu ɗaya. A wuraren da dutse ya miƙe sak kuma, siginar takan kasa kaiwa bayansa, sai a sami gurbin da babu awo. A tsofaffin fayiloli irin wannan gurbi ana cika shi da lambar -32768, wanda kuma bai lura ba zai ga wata rijiya marar iyaka ta buɗe a tsakiyar dutsensa.

4.0 Matakan Toka

Wannan shi ne wurin da masu koyo suka fi tuntuɓe, saboda haka za a ɗan tsaya a kansa.

Hoton da muka saba gani a waya ko a intanet, kowane ɗigo nasa yana iya ɗaukar ɗaya daga cikin matakai 256 ne tsakanin baƙi da fari. Shi ake kira mai bit 8. Ga idon ɗan'adam wannan ya wadatar. Ga taswirar bisa kuwa bai wadatar ba. A ɗauki yankin da ya haɗa Garwa da dutsen Vokre na kusa da Poli, wanda bisansa ya kai mita 2,049. Daga mita 200 zuwa can akwai tazarar kimanin mita 1,850. Idan aka raba wannan gida 256, kowane mataki zai zama fiye da mita 7. Ma'anar wannan ita ce, duk wuraren da bambancin bisansu bai kai mita 7 ba za su iya samun launi ɗaya. A jikin dutse, gangaren da ya kamata ya sauka sumul zai koma hawa-hawa kamar matakalar bene. A fadamar Binuwai kuwa abin ya fi muni, domin a can mita biyu ko uku su ne bambanci tsakanin gonar da ruwa yake ci da wadda yake bari, kuma duk za su ɓace, fadamar ta koma kamar daɓen siminti.

Maganin wannan shi ne hoto mai bit 16, wanda yake da matakai 65,536. Idan aka raba mita 1,850 da wannan adadi, kowane mataki bai kai santimita 3 ba. Akwai kuma mai bit 32, wanda yake ajiye lambar bisan kanta har da ɓurɓushinta. Nau'o'in fayil irin su TIFF da EXR suna ɗaukar waɗannan, PNG ma yana ɗaukar bit 16. JPEG kuwa bit 8 ne a yadda aka saba amfani da shi, ga shi kuma yana matse hoto ta hanyar zubar da abin da ido ba zai lura da shi ba, wanda a nan shi ne ainihin abin da ake nema. Duk wanda ya aika wa abokinsa taswirar bisa ta WhatsApp a matsayin hoto, abin da zai isa can ba zai ginu ba.

Sai dai kada a ruɗu. Yawan matakai ba ya ƙara wa awon asali inganci. SRTM da cikakkun mitoci aka rubuta shi, babu rabi babu kwata, kuma kuskurensa yana iya kaiwa mitoci da dama. Faɗin mazubi ba ya ƙara yawan hatsin da aka zuba masa. Amfanin bit 16 shi ne kada a zubar da abin da ake da shi, kuma a sami sararin da za a yi gyare-gyare a gaba.

5.0 Shigar da Hoto Cikin Manhaja

Manhajojin da ake wannan aiki da su suna da yawa. Akwai Terragen da World Machine da Gaea, waɗanda aikinsu ke nan kacokan. Akwai Blender, wadda kyauta ce. Wadda ta fi shahara a manyan kamfanonin fim ita ce Houdini, ta kamfanin SideFX da ke Toronto a Kanada, wadda aka sanya wa kayan aikin taswirar bisa a fitowarta ta 16 a shekarar 2017, kuma tana da nau'in da ɗalibai za su iya saukewa kyauta don koyo.

Kafin a kai ga Houdini, yawanci akan fara bi ta QGIS, manhajar taswira ta kyauta, domin a yanke wurin da ake so, a kuma mayar da ma'auninsa daga digiri zuwa mita. A tsarin UTM, Garwa tana cikin shiyya ta 33 ta arewa. Mu da muke kusa da ikwaita mun yi sa'a a nan, domin ɗigon SRTM a Garwa kusan murabba'i ne, bambancin faɗinsa da tsawonsa bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. A wuri kamar Faris kuwa faɗin ɗigon mita 20 ne kacal, wanda bai gyara ba zai ga ƙasarsa ta baje ta gefe.

Yadda Houdini take aiki ya cancanci bayani, domin shi ne asalin abin da ake nufi da gini bisa ƙa'ida. Mai sassaƙa turmi idan ya sare wuri ya saru ke nan, ba ya komawa. A Houdini kuwa ba a taɓa ƙasar da hannu. Umarni ake jerawa ɗaya bayan ɗaya, kowane umarni yana cikin ɗan akwatinsa, yana karɓar abin da na samansa ya gama, ya yi nasa aikin, ya miƙa wa na ƙasa. Mun kira kowane akwati gaɓa, saboda jerin ya yi kama da gaɓoɓin rake. Gaɓar farko ta karanto hoto, ta biyu ta daidaita bisa, ta uku ta ƙara yawan ɗigo, haka har ƙarshe. Idan darakta ya zo bayan wata guda ya ce a canza wuri daga Tingelin zuwa Mora, sai a canza hoton da ke gaɓar farko kawai, sauran gaɓoɓin su maimaita aikinsu a kan sabon wurin.

Wajen daidaita bisa dole a gaya wa manhajar abu biyu: faɗin filin a mita, da kuma lambar da baƙi da fari suke wakilta. Idan aka yi daidai, abin da ke fara ba mai koyo mamaki shi ne yadda ƙasar take fitowa kusan a shafe. Dalili kuwa, tudu mai mita 500 a cikin fili mai kilomita 111 bai kai kashi ɗaya cikin 200 na faɗin filin ba. Shi ya sa masu taswirar koyarwa sukan ninka bisan sau uku ko biyar don ido ya gani. A fim kuwa wannan ninki yakan mayar da Tingelin ta zama wani tsauni da mutanen Garwa ba su taɓa gani ba.

6.0 Cike Giɓi: Yamutsi da Zaizaya

Tazarar mita 30 ta isa idan daga jirgin sama ake kallo. Idan kyamara ta sauko inda mahayin doki yake, mita 30 fili ne da zai ci gida guda, kuma babu komai a cikinsa sai lamba ɗaya. Saboda haka akan rage tazarar zuwa mita 2 ko ƙasa da haka. Daga 30 zuwa 2, kowane ɗigo ɗaya ya zama 225 ke nan. Gunduwar Garwa gaba ɗaya za ta haura ɗigo biliyan 3, abin da kwamfutar ɗalibi ba za ta ɗauka ba. Shi ya sa akan yanki kamar kilomita 10 ta kowace fuska, wanda zai ba da ɗigo miliyan 25.

To amma sababbin ɗigon nan ba su zo da wani sabon labari ba. Manhaja ta cike tsakani ne kawai, ƙasar ta fito sumul kamar an lulluɓe ta da bargo. Daga nan ne ƙirƙira take farawa.

Hanya ta farko ita ce abin da muka kira yamutsi. Kalmar da Turawa suke amfani da ita a nan tana nufin ƙara ko hayaniya, amma fassara ta kai tsaye za ta ɓatar da mai karatu, tunda babu abin da kunne yake ji. Abin da ake nufi shi ne wasu lambobi da lissafi yake haifarwa, masu hawa da sauka ba bisa wani tsari da ido zai gane ba, amma kuma ba tare da tsalle ba. Ken Perlin ne ya fito da mafi shaharar irinsa bayan ya yi aiki a fim ɗin Tron na 1982, ya wallafa shi a 1985, aka kuma ba shi lambar yabo ta Oscar ta fannin fasaha a 1997. Akan ɗora yamutsi hawa-hawa: babba mai yin tuddai, matsakaici mai yin kunya-kunya, ƙarami mai yin tsakuwa. Tushen wannan tunani yana komawa ga Benoit Mandelbrot, wanda ya nuna cewa ɓangaren dutse yana kama da dutsen gaba ɗaya, da kuma Loren Carpenter, wanda ya nuna duwatsun da lissafi ya haifa a wani gajeren fim a 1980.

Yamutsi kaɗai ba ya gamsar da ido, domin ƙasar gaske ruwa ne ya sassaƙa ta. A ƙasar yamutsi za a ga ramuka da ba su da mafita, alhali a zahiri kowane kwazazzabo yana zuba a ƙorama, ƙorama a rafi, rafi a kogi. Wannan ne ya kawo hanya ta biyu, wato kwaikwayon zaizayar ƙasa, wadda Kenton Musgrave da abokan aikinsa suka bayyana a 1989. Manhaja takan zubo ruwan sama na lissafi a kan kowane ɗigo, ruwan ya gangara zuwa maƙwabcin da ya fi ƙasa, ya ɗebi ƙasa inda yake gudu, ya ajiye ta inda ya lafa. Akwai kuma zaizaya ta biyu, wadda take sa duk gangaren da ya wuce wani mizani ya zube, ɓaraguzai su taru a gindin dutse. Akan maimaita wannan sau da yawa har magudanan ruwa su fito.

Ba ko'ina ake son waɗannan su taɓa ba. Ba a son yamutsi a kan tafkin Lagdo, ba a kuma son zaizaya ta cinye filin jirgin sama. Don haka akan yi amfani da shamaki, wato wani hoto na biyu da yake cewa a taɓa nan, a bar can. Duk wanda ya ga yadda ake manna salatif a ƙafar amarya kafin a shafa lalle ya riga ya fahimci shamaki: inda aka rufe ba ya kamawa. Ana iya zana shi da hannu, ana kuma iya ba da ƙa'ida, a ce duk inda gangare ya wuce digiri 35 dutse ne tsirara, duk inda bai kai mita 5 sama da kogi ba fadama ce. Da irin wannan shamaki ake watsa itatuwa da ciyawa da duwatsu daga baya.

7.0 Inda Manhaja Ba Ta San Ƙasarmu Ba

A ganina wannan ne ɓangaren da ya fi muhimmanci ga wanda zai yi aiki a kan yankinmu. Waɗanda suka rubuta manhajojin nan, da waɗanda suke koyar da su, duwatsun Turai da Amurka ta Arewa ne a idonsu. Idan aka bar ma'aunan yadda suka zo, abin da zai fito shi ne tsauni mai kaifin baya da dogayen kwaruruka irin na Siwizalan. Na sha ganin ɗalibai a Turai suna ɗora irin wannan zaizaya a kan taswirar Afirka, sakamakon ya yi kyau a ido, amma ba wurin ba ne.

Ƙasar arewacin Kamaru dabam take. Da yawa daga duwatsunta irin Kufena ta Zariya ne ko Kwatarkwashi: fili ya miƙe, sai dutse ya tashi a tsakiyarsa ba tare da wani dogon share fage ba, jikinsa kuma cike da manyan duwatsu masu zagaye da aka jibga kan juna. Dutsen Mindif da ke kudu da Marwa misali ne. Tingelin dutsen yashi ce mai shafaffen kai da gefe mai tsayuwa. Ruwan sama a Garwa kimanin milimita 1,000 ne a shekara, amma cikin 'yan watannin damina yake sauka, da ƙarfi, saboda haka magudanan ruwan da ake kira mayo faffaɗa ne, cike da yashi, kuma busassu a yawancin shekara. Wanda yake son wannan siffa dole ya rage zurfin da zaizaya take ci, ya ƙara yawan yashin da take ajiyewa, ya kuma kare kan duwatsun da shamaki.

Rumsiki ta fi kowane wuri wahala. Tsinin duwatsunta ragowar maƙogwaron duwatsu masu aman wuta ne, waɗanda jikinsu ya zaizaye ya bar daskararren cikin a tsaye. Siririn abu mai tsayuwa sak irin wannan, idan aka auna shi da tazarar mita 30, ballantana 90, yakan fito kamar shuri. Gara a ƙera shi daban daga hotunan da aka ɗauka a wurin, a dasa shi a kan taswirar.

Haka kuma gonakin matakala na tsaunukan Mandara, waɗanda Mafa da maƙwabtansu suka gina da duwatsu tun kaka da kakanni, irin waɗanda suka sa aka sanya Sukur ta ɓangaren Nijeriya cikin wuraren tarihi na UNESCO a 1999. Faɗin kowace matakala bai wuce 'yan mitoci ba, don haka babu alamarsu a SRTM. Houdini tana da gaɓar da take yanka gangare hawa-hawa, amma matakalarta daidai wa daida take fitowa kamar an auna da rula, alhali ta manomi tana kauce wa dutse, tana faɗi a nan ta tsuke a can. Sai an gauraya ta da yamutsi kafin ta yi kama da aikin hannu.

Amfanin duk wannan wahala a bayyane yake ga mai shirya fim ɗin tarihi. Wanda yake son nuna yadda sojojin Ingila da Faransa suka kewaye Jamusawa a Garwa har suka miƙa wuya a watan Yuni na 1915, ko yadda aka tsare dutsen Mora har zuwa Fabrairun 1916, ba zai iya kafa kyamara a wuraren yau ba, saboda gine-gine da turakun lantarki. Amma kogin da duwatsun suna nan inda suke, kuma daga taswirar bisa zai iya sake shimfiɗa filin.

8.0 Ƙasar Fim da Ƙasar Awo

A shekarar 2012 da kuma 2022 an yi mummunar ambaliya a garuruwan da ke bin Binuwai, daga arewacin Kamaru zuwa Yola da Makurɗi da Lakwaja. A ta 2022 sama da mutum 600 ne suka rasu a Nijeriya. A duka biyun an yi ta muhawara kan rawar da sakin ruwan Lagdo ya taka da kuma rawar da yawan ruwan sama ya taka. Masu nazarin ambaliya da taswirar bisa suke aiki, irin wadda muka bayyana, domin su gano inda ruwa zai bi.

A nan ne ya wajaba a raba abu biyu da suka yi kama. Da zarar an zuba yamutsi da zaizaya a kan taswira, ta tashi daga awo ta koma zane. Kwazazzabon da ya fito a ciki lissafi ne ya haife shi, mai yiwuwa babu shi a ƙasa. Abu ne mai sauƙi mutum ya ɗauki irin wannan ƙasa ta Garwa, ya malala mata ruwan kwamfuta, ya fitar da bidiyon da zai nuna unguwa kaza ta nutse, unguwa kaza ta tsira, jama'a kuma su gaskata saboda ya yi kama da gaske. Ko taswirar da ba a taɓa ba, mai tazarar mita 30 da kuskuren mitoci, ba ta isa a yanke hukunci a kan gida ɗaya ba. Saboda haka duk wanda ya fitar da irin wannan hoto, wajibi ne ya rubuta a jikinsa inda ya samo awon, da shekararsa, da abin da ya ƙara da hannunsa, kuma ya rubuta da harshen da masu kallon suke ji.

9.0 Aiki ga Ɗalibai

Kalmomin da aka yi amfani da su a nan, wato taswirar bisa da ɗigo da gaɓa da yamutsi da shamaki, shawara ce, ba a kai ga daidaita su ba, kuma ana maraba da wanda zai kawo waɗanda suka fi su. A ɓangaren siffar ƙasa kuwa Hausa ba ta buƙatar aro. Tana da tudu da jigawa da fako da fadama da kwari da kwazazzabo da gangare da fa da tsauni, kowace da abin da take nufi, kuma kowace ana iya mayar da ita ƙa'idar shamaki idan aka fayyace bisanta da gangarenta da irin ƙasarta.

Kowane ɗalibi zai zaɓi biyar daga cikin waɗannan kalmomi, ya tambayi manomi ko makiyayi ko masunci abin da ya raba kowace da 'yar'uwarta, ya rubuta amsar yadda aka faɗe ta, sannan ya gwada mayar da ita ƙa'idar da za a iya ba kwamfuta. Waɗanda suka fito daga Adamawa ko Kamaru su ƙara da kwatanta su da kalmomin Fulatanci da suka cika taswirar yankin, kamar hoosere da maayo da yaayre, su kuma lura da wacce Hausawan Garwa suke amfani da ita idan suna magana a tsakaninsu. Za a karɓi aikin a mako na uku.